Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Jirgin Rimot, Daga Ɓare Ledarsa Zuwa Mayar da Shi Sama

Tsohon jirgin rimot na katako, wato ƙaramin jirgin sama da ake tuƙawa daga ƙasa, wanda ya shekara ashirin ko talatin a rataye a sito, ba a gane lafiyarsa da kallon waje. Ledar da aka lulluɓe shi da ita tana iya sheƙi, alhali a ƙarƙashinta gam ya saki, katakon gaba kuma ya sha mai har ya yi laushi. Wani kuwa ledarsa ta koɗe ta yayyage, ka ɗauka na bola ne, sai ka ɓare ka tarar da katako garau. Don haka ɓare rufi shi ne babban aikin, domin sai an ɓare ake sanin abin da za a gyara. Sabuwar leda kuma ba ta hawa sai abu uku sun tabbata: mai ya fita daga katako, jirgin ya miƙe babu karkata, kuma gyaran bai ƙara masa nauyi ba.

Zan ɗauki Kadet LT-40 a matsayin misali, jirgin koyo na kamfanin Sig da aka kafa a Montezuma a jihar Iowa ta Amurka. Faɗin fiffikensa inci 70 ne, wato kusan santimita 178, injinsa mai lamba .40, kimanin sisi 6.5, nauyinsa kilo biyu da rabi ko ɗan fiye. Fiffiken yana zama a saman gangar jiki, a ɗaure shi da robobi. Abin da zan faɗa a kansa ya shafi sauran tsofaffin jirage, irin su Eagle na Carl Goldberg da Ugly Stik wanda Phil Kraft ya zana a shekarun 1960. Dukkansu da balsa aka yi su, itacen nan mara nauyi da akasarinsa daga Ikwador yake fitowa, sai fulawud a gangar jikin wasunsu da wuraren da ke ɗaukar ƙarfi. Balsa farce ma yana lotsa shi. Ka riƙe wannan a ranka tun daga farko har ƙarshe.

Kafin reza ta taɓa shi

Ka ɗauki hotonsa ta kowace fuska da waya: sama, ƙasa, cikin gangar jiki, yadda aka jera sarbo, wato ƙananan na'urorin da ke motsa fallayen juya jirgi, ramin da kowace sandar turi ta shiga a hannun sarbo, yadda tiyon mai ya bi. Bayan wata guda ba za ka tuna ba. Sannan ka ɗora shi a sikeli ka rubuta nauyinsa, fiffike daban, gangar jiki daban. Wannan lambar da ita za ka riƙa auna kanka. Ka haɗa shi gaba ɗaya, ka ɗaga shi a kan yatsu biyu ta ƙarƙashin fiffike, ka ga inda yake daidaita, ka auna nisan wurin daga bakin fiffike na gaba ka rubuta. In ka san sunan jirgin, ka nemi zanensa na asali. Shafin Outerzone yana ɗauke da dubban tsofaffin zane kyauta, kamfanoni da dama kuma sun saka littattafan haɗa jiragensu a intanet.

Daga nan sai bincike da hannu da hanci. Ka shinshina gaban jirgin. Warin tsohon mai yana gaya maka aikin da ke jiranka. Ka riƙe fiffike da hannu biyu ka ɗan murɗa shi a hankali kusa da kunnenka. In ka ji ƙas-ƙas, haɗi ya saki a ciki. Ka girgiza shi: garin katako yana zuba, ko ka ga hanyar laka a jikinsa, to gara ta riga ka. Jirgin da gara ta cinye ƙashin fiffikensa, wato doguwar sandar da ta ratsa tsawon fiffiken ta ciki, shawarata ka cire inji da tayoyi da sauran ƙarafuna, ka ajiye gawar a matsayin abin kwaikwayo, ka sāke gini daga zane. Lallaɓa irin wannan ɓata lokaci ne, kuma hatsari ne ga duk wanda ke tsaye a fili ranar da fiffiken zai naɗe a sama.

Kayan aikin ba su da yawa. Bulowa irin ta masu gyaran waya ko kowace na'urar hura zafi da ake iya rage mata ƙarfi, ƙaramin dutsen guga, sabbin reza da yawa, matsefata, samfefa lamba 150 da 220 da 320, katako miƙaƙƙe da za ka naɗa samfefar a kai, asiton, sipirit, garin sitati, takardar tishu, sufa gulu mai ruwa-ruwa, farin gam na kafintoci, da efoksi mai jinkirin kamawa, na minti 30.

Ka kwance komai tukuna: farfela, inji, salansa, tanki, batir, risiba (na'urar da ke karɓar saƙon rimot), sarbo, tayoyi, da gilashin roba in akwai. Kowane rukunin sukurori a ledarsa da takarda a ciki. Ka leƙa cikin salansa da tiyo, domin zanzaro yana son gina ɗakinsa a irin waɗannan ramuka.

Wane irin rufi ne a jikinsa?

Wannan tambayar sai an amsa ta kafin a kunna bulowa, don kuskure a nan gobara ce. Rufi iri biyu ne. Akwai ledar guga, wadda bayanta ke ɗauke da gam da zafi ke narkarwa: MonoKote na kamfanin Top Flite da ya fito tun shekarun 1960, Solarfilm na Ingila, da Oracover na Jamus wanda aka sani a Amurka da sunan UltraCote. Akwai kuma tsohon salo, siliki ko takarda mara nauyi da aka shafe da wani fenti mai suna dof. Ka ɗiga asiton a auduga ka goga a wani lungu a ƙarƙashin fiffike. In fuskar ta yi danƙo launi ya biyo audugar, dof ne ko fenti. In ba abin da ya faru, leda ce. Ka kuma ƙwanƙwasa fiffiken ka ɗaga shi ga haske. In babu haƙarƙari ko ɗaya, wato siraran katakan da ke jere a cikin fiffike suna ba shi siffa, ko'ina a toshe yake, mai yiwuwa farin soso ne a ciki aka manna masa balsa a sama. Irin wannan soson zafi yana narkar da shi, asiton kuma yana cinye shi nan take, sai a bi shi da zafi kaɗan ƙwarai kuma a nisanta shi da asiton.

Ɓare leda

Ka fara da ƙarƙashin fiffike, inda ko hannunka ya kuskure ba zai fito fili ba. A tsakanin haƙarƙari biyu, inda ledar take a sarari babu katako a bayanta, ka tsaga ta da reza. A nan kaɗai reza ke da izinin yanka. Kada ka taɓa jan ta a kan ledar da ke manne da katako, musamman a kan ƙashin fiffike da gindin jela. Tsagin da ido ba ya gani a kan balsa ya isa ya zama wurin karyewa in iska ta matsa.

Ka saita bulowa a zafi matsakaici, ka riƙe ta nesa da ledar kamar tsawon tafin hannu, kana yawo da ita, kada ta tsaya wuri ɗaya. Gam ɗin irin su Oracover yana sakin jiki a wajen digiri 90 zuwa 100, ledar kuma ba ta fara tsukewa sosai sai a wajen 150. Tsakanin nan kake so ka zauna: gam ya yi laushi, ledar ba ta fara ja ba. In zafi ya yi yawa, ledar za ta tsuke ta ja haƙarƙari ta karya maka su, ko ta huje.

Da gefen ya ɗumama, ka ɗaga shi da matsefata, ka kama da yatsu, ka ja shi baya a kwance, ledar tana naɗowa a kan kanta, ba sama tsaye ba. Hannu ɗaya yana hura zafi daidai layin da leda ke rabuwa da katako, ɗayan yana ja sannu a hankali, kamar yadda mahauci ke feɗe akuya yana bin fata da dunƙulen hannu ba ya fizga. Ka bi tsawon jijiyar katakon. In ka ja a gicciye, zaren balsa zai biyo ledar ya bar maka kwari. Idonka ya kasance a bayan ledar da ke fitowa, domin ita ce ke ba ka labari. In ta fito da launinta cif, zafin ya yi daidai. In ta fito da ɓurɓushin katako, zafi ya yi kaɗan ko ka yi sauri. In ta fito fara fes kamar ledar burodi ta bar launin a jikin katako, to gam ɗin ya rabu da ita, sai ka sauya zafin kaɗan ka rage saurin ja, ka ga inda za ta yarda.

Wannan na ƙarshe shi ne ciwon kan tsohon MonoKote. Launinsa a cikin gam yake, ba a cikin ledar ba, kuma in ya tsufa sai ya ƙi biyo ta. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu su suka fi barin tabo. Hanyar da na fi so ita ce ta guntun leda: ka samo ragowar sabuwar leda, ka goge ta da dutsen guga a kan tabon, ka ɗaga tun da ɗuminta. Sabon gam yana kamo tsohon ya fito da shi. Faffaɗan salatif na ɗaure kwali ma yana yi, a manna a danna a ɗaga. Abin da ya rage sai asiton a tsumma, a jiƙa kaɗan a goga ta fuska ɗaya, ana sauya gefen tsumman. In ka jiƙa shi sharkaf, launin zai narke ya nutse cikin katako, kuma asiton yana sassauta sufa gulu da tsohon gam a haɗi. Ba dole ba ne katakon ya koma fari tas. Tabon da yatsa ba ya jin tudunsa ba zai hana sabuwar leda kamawa ba, sai dai zai iya nunawa ta cikin fara ko rawaya. Gara ka zaɓi launi mai rufewa da ka cinye rabin kaurin katako da samfefa kana neman fari.

Jela ita ce wurin taka-tsantsan. Sandunanta sirara ne, ka kwantar da ita a kan tebur ka danne da tafin hannu kana ja. Manyan ɓangarorin ledar da suka fito lafiya kuma kada ka zubar, musamman masu ado da rubutu. Su ne ma'aunin da za ka yanka sababbi da su.

In siliki da dof ne, ka kashe bulowa ka ajiye ta nesa. Dof, musamman nau'in naitiret, yana kama wuta kamar fetur. A waje za ka yi aikin, inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da janareta da mai shan taba. Ka yanke sararin da ke tsakanin haƙarƙari da reza, sannan ka jiƙa tsumma da asiton ko tina ka shimfiɗa a kan inda silikin ke manne, ka rufe da takardar alminiyam don kada ya bushe da wuri. Bayan 'yan mintoci sai ya ɗago da kansa. Ka sa safar hannu da takunkumi.

Mai a cikin katako

Nan ne mafi yawan masu gyara ke gajiya su yi ha'inci, nan ne kuma aikin ke lalacewa. Man waɗannan injuna haɗin methanol ne da naitiro da man shafawa kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma a da man zurma ne aka fi zubawa. Inji ba ya ƙone shi, ta salansa yake fesar da shi, ya bi gefen jirgi ya shiga ta kowace ɓaraka. Shekara da shekaru yana tsuma katako. Za ka same shi a allon da ake ɗaure inji, ɗakin tanki, mazaunin fiffike, gindin tayoyi, gefen da salansa take, har bakin jela na gaba. Katakon yakan yi duhu, ya yi santsi, ya yi nauyi. Leda ba ta kama shi, gam ma haka.

Matakin farko zafi ne. Ka hura bulowa a wurin, za ka ga mai yana tsattsafowa yana ƙyalli, ka goge da tishu nan da nan kafin ya koma. Ka maimaita har ya rage fitowa. Ko ka shimfiɗa tishu ninki biyu ka bi ta kansa da dutsen guga, kana sauya takardar duk lokacin da ta jiƙe. Mataki na biyu, ka kwaɓa garin sitati da sipirit ya yi kauri, ka shafe wurin da shi, ka bar shi ya kwana. Sipirit yana narkar da man ya jawo shi waje, sitati ya shanye. Da safe za ka ga garin ya koma ruwan ƙasa. Ka kakkaɓe da buroshi ka sāke. Wani wurin sau biyu ya isa, wani sai an yi ta yi har mako. A Amurka masu wannan sana'a suna amfani da wani abin fesawa na cire tabon tufafi mai suna K2r, aikinsu ɗaya da sitatin.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka manna salatif na takarda a wurin ka ɗaga. In ya kama har yana jan zaren katako, wurin ya yi. In ya zame, da saura. Ka kuma danna farce: katakon da ya yi laɓo-laɓo ko bayan mai ya fita, ya mutu, ka yanke shi ka sa sabo. Allon inji kuwa ba na yi masa uzuri. In fulawud ɗinsa ya fara rabuwa fallen-fallen, ko ka kama shi ka girgiza ya motsa, ka cire shi gaba ɗaya ka yanka sabo daidai kaurinsa, ka kula da ɗan karkacin da aka ba shi zuwa ƙasa ko dama in akwai, domin da gangan aka yi shi. Ka manna shi da efoksi na minti 30, ka ƙara sanduna masu kusurwa uku a bayansa. Bayan nan ka shafe allon da ɗakin tanki da efoksi, ka ɗan hura masa zafi ya tsinke ya shiga katako, ka goge rarar. Wannan shafen shi zai hana a maimaita wahalar nan gaba.

Gyaran ƙashi

Yanzu jirgin yana tsirara, ka bi haɗi ɗaya bayan ɗaya da yatsa kana turawa. Tsohon gam mai ruwan zuma da aka yi amfani da shi a da yakan bushe ya zama kamar gilashi. Inda ya saki, ka kankare tsohon, ka haɗa katako da katako, ka ɗiga sufa gulu mai ruwa, ɗigo ɗaya ko biyu. Haƙarƙarin da ya tsage a mayar da shi wurinsa a ɗiga gam, in ya cancanta a manna masa siririn balsa a gefe. Ƙashin fiffike in ya karye ba a haɗa shi baki da baki. A fere bakunan biyu a gicciye, tsawon feren ya kai ninki shida na kaurin sandar ko fiye, a manna, a ƙara wani guntu a gefe ya haye wurin. Tsakiyar fiffike, inda ɓangarorin biyu suka haɗu, ka duba ta sau biyu. Nan ne duk nauyin jirgi ke taruwa in ya yi kwana mai tsanani.

Lotsawa ba ta buƙatar foti. Ka ɗiga ruwa a kan wurin, ka ɗora dutsen guga mai zafi, tururi zai kumbura balsa ya dawo daidai. Ramin da ya ƙi tashi a cike shi da guntun balsa ko foti mara nauyi, ba na fanel bita ba.

Hinjin fallayen da ke juya jirgi, wato eleron a fiffike da elebeta da roda a jela, ka ja kowanne da ɗan ƙarfi. Ra'ayina a sauya su duka ko da sun riƙe, don tsohuwar roba takan karye ba gargaɗi, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. In ramin tsohon ya sha mai, ka tsaga sabo a gefensa.

Sai maganar nauyi. Jela ta fi hanci nisa daga wurin daidaito, a irin wannan jirgi kusan ninki uku. Giram 10 na gam da ka zuba a jela zai sa ka ɗora wajen giram 30 na dalma a hanci. Saboda haka efoksi ba shi da aiki a bayan fiffike sai wurin manna jelar kanta. Ka riƙa komawa sikeli.

Ka tsaya a bayan fiffike, ka runtse ido ɗaya, ka hango bakinsa na baya. Dama da hagu su zama daidai. In ɗaya ya murɗe, ka turara shi a bakin butar ruwan zafi, ka murɗa shi ya ɗan wuce daidai ta ɗaya gefen, ka danne shi a kan miƙaƙƙen tebur ya kwana. Wanda ke aiki da damina ya ba katako lokaci ya bushe sosai kafin rufi. Da hunturu kuma balsa yakan bushe ya yi saurin tsagewa, ƙura kuma ita ce abokiyar gabar gam ɗin leda.

Samfefa kullum a naɗe a katako, ba a yatsa ba, don yatsa yana bin laushi ya haƙa rami. Lamba 150 ga inda aka yi gyara, 220 ga ko'ina, 320 a ƙarshe. A kan haƙarƙari shafa ɗaya ko biyu, in ka wuce haka ka sauya siffar fiffiken. Ka kakkaɓe ƙurar tas, ka bi da salatif ko tsumma mai ɗan danshin sipirit. Ƙwayar ƙura ɗaya tana fitowa ƙuru-ƙuru a ƙarƙashin leda. Wuraren da suka taɓa shan mai a shafa musu Balsarite in an samu, wani ruwa ne da ake shafa wa katako kafin rufi, yana taimaka wa leda ta kama.

Sabuwar leda

Ƙa'idar jeri ita ce ƙasa kafin sama, baya kafin gaba, domin bakin kowane haɗi ya kalli ƙasa da baya, iska da mai su bi ta kansa su wuce. Ka yanka ledar ta fi wurin da santimita biyar a kowane gefe, a ƙarshen fiffike ma fiye, don ka sami abin kamawa. Ka cire takardar bayanta. Ka gwada zafin dutsen guga a kan guntu: ya manne ba tare da ya yamutse ba. Sanya wa dutsen safar auduga yana hana shi karce leda.

Ka shimfiɗa, ka ɗana tsakiyar gefe ɗaya, ka ja ka ɗana na ɗaya gefen, sannan kusurwoyi, kana ja har yawancin tattarar ta fita tun kafin zafi ya yi nasa aikin. Ka manne gefuna kaf, ka yanke rara da sabuwar reza, ka bar milimita biyar ko shida ta hau kan 'yar'uwarta. Reza da ta fara ja ka yar da ita. A lanƙwasar ƙarshen fiffike, zafi da ja ne ke aiki tare, kaɗan-kaɗan. Kada ka tsuke ko'ina sai ka rufe sama da ƙasa duka, sannan ka ƙara zafi ka tsuke su bi da bi, in ba haka ba gefe ɗaya zai murɗe maka fiffiken da ka sha wahalar miƙarwa. Ka huda ƙaramin rami a kowane haƙarƙari tun kafin rufi don iska mai zafi ta sami mafita. Ka kuma tsuke da mafi ƙarancin zafin da ya wadatar, saboda ledar da aka kai ƙarshen tsukewarta ba ta da sauran abin bayarwa in ta saki daga baya. A ranar ƙasarmu kuwa za ta saki, baƙa da shuɗiya sun fi saurin yi. Sama ya zama mai haske, ƙasa mai duhu ko mai manyan ratsi, don ka bambance su in jirgi ya yi nisa.

Inji da rediyo

Injin da ya daɗe a ajiye, ƙirar O.S. ne ko Enya ko Super Tigre, yawanci ba lalacewa ya yi ba, man zurma ne ya daskare a ciki. Ka cire fulogi, ka ɗumama jikinsa da bulowa, ka ɗiga mai mara kauri ta kafireto da ramin fulogi, ka ɗaura farfela ka riƙa motsa ta gaba da baya da hannu. Kada filaya ta taɓa sandarsa, kada kuma ka tilasta shi. In ya saki amma kana jin gurzo kamar yashi, boris ya yi tsatsa, domin methanol yana jawo danshi, sai a sauya. Ɗan matsewar da wasu injuna ke yi in fistin ya kai can sama ba aibi ba ne, haka aka ƙera su. Tiyo da murfin robar tanki da fulogi duk sababbi za a sa. Fetur ba ya aiki a wannan inji, kuma yana lalata tiyon silikon. Wanda samun man zai yi masa wuya ya mayar da jirgin na lantarki: a jirgin koyo ana lissafin wat 170 zuwa 220 ga kowane kilo, wato injin lantarki mai wat 500 zuwa 600 da batir nau'in LiPo mai ƙwaya huɗu a haɗe za su ɗauki LT-40. In haka za ka yi, ka yanke shawara kafin rufi, don a buɗe ƙofar batir da hanyar iska.

Tsohon batirin risiba nau'in NiCd ba a gwada shi, sauya shi ake yi. Ka feɗe baƙar wayarsa ka duba: in tagullar ta yi baƙi ta ƙi kama dalma, cutar ta bi waya har makunni, shi ma ya tafi. Tsohon rimot mai dogon eriya na mita 35 ko 72 megahaz ya yi zamaninsa. Tun da Spektrum ta fito da na 2.4 gigahaz a tsakiyar shekarun 2000 aka huta da karon mita tsakanin matuƙa biyu, sabon rimot da risiba kuma ba su kai darajar jirgin da aikinka ba. Tsofaffin sarbo irin Futaba S148 suna iya ci gaba da aiki in suna tafiya sumul ba rawa kuma suna dawowa tsakiya daidai, amma a ba su wutar da aka yi su dominta, bolt 4.8 zuwa 6. Ka duba filoginsu: a tsarin yau jar waya a tsakiya take. Tsofaffin na Airtronics ba haka suke ba, in ka cusa su yadda suke za su ƙone.

Daidaito da tashin farko

Ka haɗa komai, tanki babu mai, ka ɗaga jirgin a wurin da zane ya nuna. In babu zane, a fiffike mai faɗi ɗaya daga tushe zuwa ƙarshe ka auna kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na faɗinsa daga bakin gaba. Ya tsaya a kwance ko hanci ya ɗan sunkuya. Jirgin da jela ta rinjaya ba ya jin magana a sama, kada ka tashe shi da fatan za ka iya da shi. Ka fara da matsar da batir gaba kafin ka nemi dalma. Ka kuma ɗaga shi ta hanci da jela ka ga ko wani fiffike yana faɗuwa, in haka ne ka sa ɗan nauyi a ƙarshen mara nauyin. Robobin ɗaure fiffike sababbi, ba ragowar na sito ba.

Ka tsaya a bayan jirgi ka tura sandar eleron a rimot dama: eleron na dama ya tashi, na hagu ya sauka; ka tura ta roda dama, roda ta tafi dama. Ka jawo sandar elebeta, elebeta ta tashi. A na lantarki duk wannan gwajin farfela a cire ake yin sa. Ka saita abin da risiba za ta yi in sadarwa ta yanke, wato ta kashe inji, ka kashe rimot ka tabbatar ta yi. Ka yi gwajin nisa yadda littafin rimot ɗinka ya ce, sau ɗaya inji a kashe, sau ɗaya yana aiki wani ya riƙe jirgin.

A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ce ke da dokokin jirage marasa matuƙi, ka binciki abin da take buƙata, wanda ke wata ƙasa ya nemi tasu. Ka nisanci filin jirgi da bariki da taron jama'a, kuma a halin tsaron da ake ciki ka sanar da mai unguwa da masu gonakin da ke kusa kafin su ga abu yana shawagi a kansu. In ba ka taɓa tuƙi ba, ka miƙa tashin farko ga wanda ya iya, da sassafe kafin iska ta taso, minti uku ko huɗu ya sauko. Da ya sauka ka cire fiffike, ka ja kowane hinji, ka taɓa sukurorin inji da na tayoyi, ka girgiza allon inji, ka goge mai daga jikinsa da ruwan sabulu, duk bakin ledar da ya ɗaga kuma ka mayar da shi da dutsen guga a ranar, kafin mai ya sami hanyar shiga.